Daga Landan Zuwa Birmingham Ta Kan Ruwa: Yadda Ake Ratsa Ɗakunan Ruwa Da Siririn Jirgi

Ruwa ba ya hawa tudu, amma a Ingila jirgin ruwa yana hawa. Wanda ya tashi daga Brentford, inda mashigin Grand Union, wato hanyar ruwa da mutane suka haƙa domin jirage, ya rabu da Kogin Thames a yammacin Landan, ya nufi Birmingham, yana da tafiyar mil 137 a gabansa, wato kimanin kilomita 220, kuma kafin ya isa sai ya ratsa ɗakunan ruwa 166, waɗanda Turawa ke kira lok. Mafi yawansu babu ma'aikaci a bakinsu. Matafiyi ne da hannunsa zai buɗe, ya cika, ya zubar, ya rufe, don haka wajibi ne ya fahimci abin da yake yi tun kafin ya kwance igiya.

Ɗakin ruwa wani dogon rami ne da aka gina da bulo ko dutse a tsakiyar mashigi, da ƙofa a kowane ƙarshe. Ruwan da ke bayan ƙofar sama ya fi na bayan ƙofar ƙasa tudu, sau da yawa da mita biyu zuwa uku. Idan jirgi ya shiga aka rufe, sai a saki ruwa daga sama ya cika ɗakin ya ɗaga jirgin, ko kuma a zubar da ruwan ɗakin zuwa ƙasa jirgin ya sauka tare da shi. Babu inji, babu famfo, nauyin ruwa ne kawai ke aikin. Dabarar tsohuwa ce, domin wani jami'i mai suna Qiao Weiyue ya gina irinta a babban mashigin ƙasar Sin tun a shekarar 984, kuma ko madatsar ruwa ta Kainji da aka kammala a 1968 an gina ta da irin wannan ɗaki domin jiragen kaya su ƙetare. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, a wannan sana'a ƙarfin damtse ba shi ne jari ba. Ruwa ne ke ɗaga jirgi, ruwa ne ke sakin ƙofa, aikin mutum shi ne ya ba shi hanya a kan tsari, kuma kada ya ɗauke ido daga kan jirgin.

Shiri kafin tashi

A fara da girman jirgi, domin shi ne ke yanke hanyar da za a iya bi. Tsofaffin mashigan tsakiyar Ingila, waɗanda injiniya James Brindley ya tsara a ƙarni na 18, ɗakunansu faɗin ƙafa 7 ne da tsawon kimanin ƙafa 72, shi ya sa siririn jirgin da ake tafiya da shi ba ya wuce ƙafa 6 da inci 10 a faɗi. Ɗakunan Grand Union sun ninka haka, ƙafa 14 ne, suna ɗaukar sirara biyu kafaɗa da kafaɗa. Wanda ke da niyyar zarcewa arewacin ƙasar ya kula da tsawo, saboda ɗakunan can gajeru ne, kuma masu jirage sun daɗe da sanin cewa jirgi mai ƙafa 57 shi ne ke shiga kusan ko'ina.

Hukumar Canal & River Trust, wadda ta gaji British Waterways a 2012, ita ce ke kula da kimanin mil 2,000 na hanyoyin ruwa a Ingila da Wales. Mai jirgin kansa yana bukatar lasisinta, da inshora, da takardar shaidar lafiyar jirgi da ake sabuntawa duk shekara huɗu. Wanda ya yi haya kuwa kamfani ya riga ya ɗauke masa wannan, kuma ba a neman lasisin tuƙi daga gare shi, sai dai za a nuna masa aikin kafin a miƙa masa jirgin. Ina ba da shawarar a nemi a raka mutum ɗakin farko, a yi tambaya ba tare da jin kunya ba. A kuma duba sanarwar hukumar game da wuraren da aka rufe, musamman daga Nuwamba zuwa Maris lokacin manyan gyare-gyare.

Lissafin kwanaki yana da tsohuwar ƙa'ida: a haɗa yawan mil da yawan ɗakuna, a raba da uku, abin da ya fito shi ne sa'o'in tafiya. A hanyarmu 137 da 166 sun ba da 303, wato kimanin sa'a 100. Idan ana tafiyar sa'a bakwai a yini, mako biyu ke nan zuwa kawai, ban da dawowa. Iyakar gudu mil 4 ne a sa'a, kusan tafiyar mai sauri a ƙasa, kuma dole a rage sosai idan za a wuce jiragen da ke ɗaure a gefe.

Kayan aiki ba su da yawa. Mafi muhimmanci shi ne mabuɗin ɗaki, wani ƙarfe mai lanƙwasa kamar wilsifanar mota, mai rami mai kusurwa huɗu a baki. A tanadi aƙalla uku, domin ba a rasa wanda zai faɗa ruwa. Sai igiyoyi uku, ta goshi da ta tsakiya da ta baya, da turakun ƙarfe da guduma, da ɗan makullin hukumar da ke buɗe famfunan ruwa da wuraren zubar da bahaya, da takalmi mai kama ƙasa, da rigar hana nutsewa ga yara da duk wanda bai iya iyo ba. Mutum ɗaya yana iya wannan tafiya, amma biyu su ne mafi ƙaranci ga sabon shiga: ɗaya a kan tuƙi, ɗaya a ƙasa.

Tuƙin kansa yana da abubuwa biyu da ke rikita baƙo. Sandar tuƙi tana aiki ne a juye, idan aka tura ta hagu goshin jirgi ya yi dama. Sannan jirgi ba shi da birki, ribas ne birkinsa, kuma ƙarfe mai nauyin tan goma sha biyar ba ya tsayawa nan take. Idan an haɗu da wani jirgi, kowa ya riƙe damansa.

Isowa bakin ɗaki

Kafin kowane ɗaki akwai wurin tsayawa mai turaku, wanda aka keɓe domin masu jiran shiga kawai. A tsaya nan, na ƙasa ya sauka da mabuɗi, ya taka ya je ya duba da idonsa. Tambayar farko ita ce ko ɗakin a cike yake ko babu ruwa. Mai hawa yana son ya tarar da shi a zube, mai sauka yana son ya tarar da shi a cike. Idan aka tarar da akasin haka, kada a yi gaggawar juya shi, a leƙa ɗaya ɓangaren tukuna. In akwai jirgi yana tahowa wanda ruwan ya dace da shi, shi ke da hakkin shiga, a jira shi, a ma taya shi buɗe ƙofa.

Wannan ba ladabi ne kawai ba. Siririn ɗaki mai tsawon mita 22 da faɗin mita 2 da ɗoriya da zurfin mita biyu da rabi yana cin fiye da lita 100,000 a cika ɗaya, faffaɗa kuma ninkin haka, kuma duk ruwan da ya gangara ba ya komawa da kansa. A Tring, inda mashigin ya kai ƙololuwa a kan tuddan Chiltern, sai da aka haƙa tafkuna huɗu domin ciyar da shi, saboda duk jirgin da ya ƙetare tudun yana tafiya da cikin ɗaki guda ta kowane gefe. A bazarar 2022 fari ya sa an rufe sassan wasu mashigai a arewacin Ingila. Don haka a faffaɗan ɗaki, idan akwai wani siririn jirgi a baya, a jira shi a shiga tare. Ruwa ya ragu da rabi, hannaye sun ƙaru, kuma jirage biyu suna tokare juna ba sa yawo a ciki.

Hawa

A ɗauka ɗakin a zube yake. Na ƙasa zai jingina bayansa da dogon gungumen da ke manne da ƙofa, ya tura da ƙafafu. A ƙasa za a ga an jera bulo masu ɗan tudu a lanƙwashe, an sa su ne domin diddige ya sami abin tokarawa, kuma shekaru sun goge su har sun yi santsi. Ƙofar itacen oak ce mai nauyin tan da yawa, ba ta son fizga. A jingina a hankali, za a ji ta yi shiru kamar ba za ta motsa ba, can sai ta fara tafiya da kanta.

Matuƙi ya shigo a hankali. Daga ciki zai ga bangaye sun tashi sama da kansa, baƙaƙe, jiƙaƙƙu, da gansakuka, ruwa yana tsiyaya ta tsakanin ƙofofin gaba, sanyi da warin laka suna tasowa. Ya tsayar da jirgin a tsakiya, kada goshi ya matse ƙofar gaba, kada baya ya taɓa ƙofar da aka shigo. A rufe ƙofofin ƙasa, a tabbatar murafensu a sauke suke.

Murfi shi ne allon da ke toshe kafar da ruwa ke bi. Iri biyu ne a ɓangaren sama: na ƙasa, wanda ke sakin ruwa ta wani rami a cikin gini ya ɓullo ta ƙarƙashin jirgi, da na jikin ƙofa, wanda ke feso ruwa kai tsaye. Kullum na ƙasa ake fara buɗewa. Na jikin ƙofa sai ruwan ɗakin ya rufe bakinsa, domin idan aka buɗe shi da wuri zai kwararo kamar ambaliya a kan goshin jirgi, ya cika shi. Kafin a juya komai, mai riƙe da mabuɗi ya dubi matuƙi ya jira alamar hannu, saboda ƙarar inji da ta ruwa ba sa barin a ji magana.

A zura mabuɗi a kan sandar juyi har ya zauna daram, a tabbatar 'yar sakatar da ke faɗawa cikin haƙoran ƙarfe tana wurinta, sannan a juya. Za a ji tana ƙas-ƙas-ƙas, kuma wannan ƙarar ita ce shaidar cewa murfin ba zai kuɓuce ya koma ba. A ɗaga rabi, a dakata a ga yadda jirgin ya karɓi ruwan, sannan a ƙarasa. Da an gama a zare mabuɗin. Wannan doka ba ta da togaciya: ba a barin mabuɗi a kan sanda. Idan sakata ta zame, nauyin murfi zai juya ƙarfen da gudu, ya fasa haƙori ko ya karya hannu, ko ya yi tsalle ya sami wanda ke tsaye a gefe.

Idan jirgi ɗaya ne a faffaɗan ɗaki, a ratsa igiyar tsakiya a turke a riƙe, ana janye ragowar yayin da jirgin ke tasowa, kuma a fara da murfin da ke gefen da jirgin yake. A yawancin ɗakunan wannan hanya ruwan yana ratsawa ta ƙarƙashi ya bugi bangon can ya dawo, sai ya manne jirgin da bangonsa. Idan aka fara da na ɗaya gefen, jirgin zai yi ta karo da bangaye. Matuƙi kuma ya yi ta gyara da giya, domin ruwan yakan tura jirgi baya da farko, sannan ya fizgo shi gaba.

Ƙofar sama ba za ta buɗu ba sai ruwan ciki da na waje sun daidaita. Bambancin yatsa uku ma ya isa ya riƙe ta gam, domin ƙofofin an yi su ne su haɗu da kusurwa suna fuskantar ɓangaren da ruwa ya fi tudu, yadda nauyin ruwa ke ƙara matse su. Masu ƙarfi uku ba za su rinjaye ta ba, amma idan lokaci ya yi yaro ma zai tura ta. Bayan jirgi ya fita, a sauke murafe da mabuɗi a hannu: a ɗan ɗaga kaɗan domin nauyi ya bar sakata, a ɗage ta, a juya baya a hankali har ƙasa. Ba a sakin murfi ya faɗi, yana fasa ƙarfe. A rufe ƙofofi, sai dai in ga wani jirgi nan tafe zai shiga.

Sauka, da dokin ƙofa

A nan ne hatsarin ya fi yawa, kuma a nan nake roƙon a fi natsuwa. A ƙarƙashin ƙofar sama akwai wani dandamali na dutse ko kankare da ya shigo cikin ɗakin, kamar dokin ƙofa. Idan ɗaki a cike yake ba a ganinsa, ruwa ya rufe shi. An shata farin layi a bakin bango domin nuna iyakarsa. Jirgin da ya shiga zai sauka dole ne bayansa ya wuce wannan layi gaba ɗaya, kuma ya zauna a gabansa har ruwa ya gama zuba.

Idan matuƙi ya shagala jirgin ya ja baya, bayan zai zauna a kan dandamalin yayin da ruwa ke janyewa. Goshi zai ci gaba da sauka, baya yana rataye, kuma cikin ɗan lokaci ƙalilan ruwa zai shiga ta gaba jirgin ya nutse. Haka ma goshi yana iya maƙalewa a jikin ƙofar ƙasa. A watan Agustan 1998, a wani ɗaki kusa da Gargrave a mashigin Leeds da Liverpool, goshin wani jirgi ya maƙale a ƙofa ana cikin sauka, mutum huɗu suka rasu. Ruwa ba sa'an kwando ba ne, ko da kuwa ruwan mashigi ne da ake gani kwance kamar ba ya motsi.

Saboda haka tsarin sauka shi ne: a shiga, a rufe ƙofar sama da murafenta, matuƙi ya duba farin layi ya ba da alama, sannan a ɗaga murafen ƙofar ƙasa. Idan an sa igiya, a ratsa ta a turke a riƙe a hannu ana saki, kada a ƙulla ta ko kusa, domin igiyar da aka ƙulla za ta rataye jirgin a bango. Kada kuma a naɗe ta a hannu. Wanda ya ɗaga murfi ya tsaya a wurin, mabuɗi a hannunsa, idonsa a kan jirgi. Ba lokacin ɗaukar hoto ba ne, ba lokacin tafiya shirya ɗaki na gaba ba ne.

Idan aka ga jirgi ya karkata, ko wani ya faɗa ruwa, abu na farko shi ne a sauke dukkan murafe nan take domin ruwa ya tsaya cik. Idan mutum ne a ruwa, matuƙi ya cire giya ya kashe inji saboda farfela, a jefa masa tayar ceto, a nuna masa tsanin da ke jikin bango, kada wani ya yi tsalle ya bi shi. Idan jirgi ne ya rataye, bayan an tsayar da ruwa sai a ɗaga murfin sama kaɗan-kaɗan, ruwa ya dawo ya ɗaga shi. Ya kamata kowa a jirgin ya san wannan tun daren farko, har a gwada shi da baki.

Jerin ɗakuna

Bayan Warwick matafiyi zai ɗaga kai ya ga Hatton: ɗakuna 21 a jere suna hawa tudu na kimanin mita 45 cikin tafiyar da ba ta kai mil biyu da rabi ba. An faɗaɗa su a farkon shekarun 1930, kuma na'urar murafensu a rufe take cikin ƙarfe, tana cin juyi fiye da ashirin kowace. A ware mata rabin yini, a fara da sassafe, a nemi abokin tafiya. Idan hannaye sun kai uku, ɗaya ya riƙa yin gaba yana shirya ɗaki na gaba, amma ɗaki ɗaya kawai, domin tazarar ruwan da ke tsakaninsu gajera ce, wanda ya zuƙe ta zai bar jirginsa zaune a laka. A lokacin bazara akan sami 'yan sa-kai na hukumar suna taimakawa, a saurari abin da suka ce.

Akwai kuma wani iri da ya bambanta, inda ƙofar saman ɗaki ita ce ƙofar ƙasan na gaba, babu tazara ko kaɗan. A wannan hanya za a gamu da mai hawa biyu a Bascote, a arewa kuma akwai mai hawa biyar na Bingley da aka buɗe a 1774, mai ɗaga jirgi mita 18. Ƙa'idarsa ita ce ruwan kowane ɗaki daga na samansa yake zuwa. Mai hawa yana bukatar na ƙasa a zube, sauran duka a cike. Mai sauka yana bukatar na sama a cike, sauran a zube. Wanda ya zuba cikakken ɗaki a kan cikakke zai malale gefen hanya, wanda ya ja ruwa daga busasshe kuma zai dasa jirginsa a ƙasa. A karanta allon da ke wurin kafin a taɓa komai.

Tsakanin ɗaki da ɗaki

A Blisworth mashigin ya shige ƙarƙashin tudu na tsawon kusan kilomita 3, ba tare da hanyar gefe ba. A da mutane ne ke kwanciya a kan allo suna taka bango da ƙafa suna tura jirgin. A kunna fitilar gaba, a kashe murhu, a sa rigar ruwa domin rufin yana zuba, kowa ya shigar da hannunsa ciki. Sirara biyu suna iya gilma juna a ciki idan kowa ya rage gudu ya riƙe dama.

Idan aka ji jirgi ya yi nauyi, sandar tuƙi tana rawa, to farfela ta naɗo leda ko igiya. A tsaya, a kashe inji, a zare makulli a sa a aljihu, sannan a buɗe ƙaramar ƙofar da ke saman farfela a zura hannu a cire. A mayar da murfinta a ɗaure tam, domin idan ya yi sako-sako ruwa zai shigo ta nan da zarar an sa giya. A wanke hannu da sabulu bayan haka, kuma kada a yi alwala ko wanke-wanke da ruwan mashigi, saboda fitsarin ɓera yana sa masa ƙwayar cuta mai shiga ta rauni. A cika tankin ruwa duk inda aka ga famfo, a duba mai da ruwan inji kowace safiya, a tabbatar na'urar gargaɗin hayaƙi mai guba tana aiki.

Wurin kwana a neme shi tun rana ba ta faɗi ba, a gefen da hanyar dawakai take, wato hanyar ƙafa da ke bin bakin mashigi wadda dawakai masu jan jirgi ke bi a da, nesa da bakin ɗaki da gada da kwana da wurin juya jirgi. A yawancin wurare an yarda a tsaya har kwana 14, sai inda allo ya nuna ƙasa da haka. Kada a kwana a gajeriyar tazara tsakanin ɗakuna biyu, domin ƙofa mai yoyo tana iya janye ruwan cikin dare a wayi gari jirgi ya kwanta a gefe.

Bayan ɗakuna biyar na Knowle, faffaɗar hanya ta kusa ƙarewa. A Camp Hill, a bakin Birmingham, ɗakunan sun koma sirara, jirgi yana shiga da tazarar yatsu kaɗan a kowane gefe, babu wurin abokin tafiya, igiya ma ba a cika bukatarta ba. Ƙofofin sun fi sauƙin turawa, ɗakin ya fi saurin zuba, kuma saboda dogon jirgi ya kusa cika shi daga ƙofa zuwa ƙofa, tazarar da ke tsakanin bayansa da farin layin nan ba ta da yawa. A duba ta kafin a ɗaga murfi, a sake dubawa bayan ruwa ya fara sauka.